Kunne Ma Yana Buƙatar Ma'auni

Sanin kowa ne cewa idan magidanci ya shiga kasuwar hatsi a Gummi, ko Anka, ko Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum, ba ya yarda mai awo ya kimanta masa gero da ido. Komai amincin da ke tsakaninsu, sai an ɗauko tiya an auna. Wannan ba zargin ha'inci ba ne. Mai saye da mai sayarwa duk sun san ido yana ruɗin mai shi, shi ya sa suka yarda da alƙalancin ƙwarya. Abin da nake so in jawo hankalin ɗalibai da malamansu a kai shi ne, yadda ido yake game da hatsi, haka kunne yake game da lokaci. Saboda haka duk mai koyon kaɗa jita, ko garaya, ko gurmi, yana buƙatar tasa tiyar da zai riƙa auna bugunsa da ita. Wannan tiya ita ce na'urar da Turawa suke kira metronom, mu kuma a nan za mu kira ta ma'aunin bugu. Aikinta ɗaya ne tak: ta yi ƙas, ƙas, ƙas, da tazara iri ɗaya, gwargwadon yawan bugun da aka saita ta ta yi a cikin minti guda.

Abin da ya fara sa ni tunani a kan wannan batu wani ɗalibina ne, lokacin da nake koyar da kimiyyar fiziks a wata makarantar sakandare a ƙasar Gummi. Yaron yana aji biyar, ya gaji wata tsohuwar jita daga yayansa, yana kuma koyon kaɗa ta shi kaɗai, ta hanyar kallon masu kaɗawa a wayar hannu. Wata rana da la'asar ya roƙe ni in saurare shi. Yatsunsa ba laifi, sautin ma yana fita tas. Amma duk inda kiɗan ya zo da sauƙi sai ya zabura kamar wanda aka biyo, inda kuwa zai canza kamun yatsu a kan tsirkiyoyin sai ya ja baya, ya yi ɗan jinkiri, sannan ya sake zabura don ya rama. Da ya gama na faɗa masa haka. Sai ya ce, "Malam, wallahi daidai nake tafiya." Kuma da gaskiyarsa ya rantse, domin a kunnensa daidai ɗin yake. Sai da muka naɗi kiɗan a wayarsa, na sa ya riƙa tafi yana bin abin da ya kaɗa da hannunsa. Bai kai rabi ba tafin ya watse masa, ya kasa bin kansa.

Wannan ba laifin yaron ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. Idan hankali ya tattara a kan aiki mai wuya, kamar neman inda za a ɗora yatsa, ƙidayar lokaci takan suɓuce ba tare da mutum ya sani ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada wannan, ta hanyar sa mutane su riƙa ƙwanƙwasa tebur da yatsa suna bin ƙarar na'ura. Wani masani mai suna Bruno Repp, na cibiyar bincike ta Haskins a Amurka, ya tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje a shekarar 2005. Daga cikin abin da aka sha gani akwai cewa yawancin mutane sukan riga ƙarar da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na daƙiƙa ɗaya, alhali su a ransu tare suke bugawa da ita. Waɗanda suka samu horo a kiɗa kuwa, tazarar tasu takan ragu ƙwarai. Wato ke nan abin ana koyon sa, kuma mai koyo ba zai ga kuskurensa ba sai da wani abu na waje da zai gwada kansa da shi.

Wani zai ce ai akwai bugun zuciya. Gaskiya ne, zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. To amma ita ce farkon mai gudu idan aka tsaya gaban jama'a, ko aka hango wuri mai wuya yana tafe. Ma'aunin da yake firgita tare da mai awo ba ma'auni ba ne.

Tarihin wannan na'ura ya faro ne daga abin da kowane ɗalibin fiziks ya sani, wato dutse ko ƙarfe da aka rataya da zare yana lilo. Masanin nan na Italiya, Galileo, shi ne ya lura, tun wajen shekarar 1602, cewa lokacin da lilon yake ɗauka kafin ya je ya dawo kusan ɗaya ne, ko lilon ya yi ɗan faɗi ko ya ragu. A shekarar 1656 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya yi amfani da wannan ya ƙera agogo mai lilo. A 1696 kuma wani Bafaranshe, Étienne Loulié, ya bayyana wani lilo da aka tsara musamman domin makaɗa, ana ƙara tsawon zarensa ko a rage. Sai dai nasa ba ya ƙara, kallon sa ake yi. Matsalar irin wannan lilo ita ce tsawo: idan ana son bugu mai nawa, kamar 40 a minti, sai an samu zare mai tsawon fiye da mita 2. Wanda ya warware wannan shi ne Dietrich Winkel, wani maƙeri a birnin Amsterdam, wajen 1814. Dabararsa ita ce ya sa nauyi biyu a jikin sanda ɗaya, guda a ƙasan wurin da sandar take juyawa, guda kuma a sama wanda ake iya zamar da shi. Idan aka tura na saman can ƙoli sai lilon ya yi nawa, idan aka sauko da shi sai ya yi sauri. Da haka ɗan akwatin da bai wuce a ɗora a tebur ba ya iya yin aikin doguwar igiya. Sai dai sunan Winkel bai bi na'urar ba. Johann Maelzel ne ya ga aikin, ya ƙara masa ma'aunin lambobi, ya yi masa rajista da sunansa a 1815, ya shiga ƙerawa yana sayarwa. Ashe cin gumin wani ba yau aka fara ba, har a fagen kimiyya. A 1817 shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, Beethoven, ya buga lambobin saurin da yake so a kaɗa manyan ayyukansa da su. Irin na'urar Maelzel da ake ƙerawa har yanzu takan fara daga bugu 40 zuwa 208 a minti, kuma a yau ana samun ta a matsayin manhaja a cikin wayar hannu.

To, a nan ne mai karatu na ƙasar Zamfara zai tare ni da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Zai ce, wane ma'aunin bugu Ibrahim Narambaɗa ya taɓa gani? Da wace na'ura Salihu Jankiɗi ya saita taushinsa, ko Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo suka saita kotsonsu? Ga fadar Sarkin Zamfara a Anka, ga ta Sarkin Mafara a Gummi, ga ta Sarkin Danko a Bukkuyum, an daɗe ana kiɗa a ƙofarsu ba tare da akwatin Bature ba, kuma ba a taɓa jin an ce kiɗan ya karkace ba. Ni kaina an taɓa tare ni da wannan magana. Na nuna wa wani dattijo makaɗin gangar noma manhajar a wayata, ya saurara na ɗan lokaci, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, wanga abu naku ba shi jin mutane. Mu da ƙahwar manomi muka kiɗi. In ya gaji mu sassauta mai, in ya yi zahi mu bi shi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban kuwa faɗa don ladabi kawai ba.

Maganar dattijon tana da goyon baya har a binciken zamani. Wani masani Bajamushe, Rainer Polak, ya auna kiɗan gangar jembe ta ƙasar Mali da na'ura, ya buga sakamakon a 2010. Ya nuna cewa makaɗan ba sa raba bugu zuwa gida-gida masu tsawo ɗaya cif. Wani gidan gajere ne, wani ya fi shi tsawo, kuma haka suke maimaita wannan rabo a kai a kai, ba bisa kuskure ba. A cikin wannan ɗan bambanci ne daɗin kiɗan yake. Binciken a kan Mali aka yi shi, amma duk wanda ya saurari kalangu ko kotso da kunnen basira zai ji wani abu mai kama da haka, wato ɗan rangajin nan da yake sa kafaɗa ta motsa. Wanda kuma yake son ya ji abin da ke faruwa idan aka cire shi, to ya saurari wasu daga cikin waƙoƙin finafinan Hausa da aka riƙa haɗawa da fiyano kirar Yamaha tun daga ƙarshen shekarun 1990. Bugun yana nan daidai, ba ƙari ba ragi, amma sau da yawa sai ka ji shi a sandare kamar tafiyar injin niƙa.

Duk da haka ban janye ra'ayina ba, ga kuma dalili. Ba daidai ba ne a ce makaɗanmu na da ba su da ma'auni. Suna da shi, sai dai nasu ma'aunin mutane ne. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Yaron da ya tashi haka, duk ranar da ya yi gaggawa ko ya makara, akwai manya huɗu ko biyar a gefensa da bugunsu zai mayar da shi hanya, in bai ji ba kuma a harare shi. Haka yarinyar da take koyon lugude. Idan mata biyu ko uku suka kewaye turmi ɗaya, kowace taɓarya tana da lokacin saukarta, wadda ta kuskure kuwa nan take taɓaryarta za ta gwabza da ta 'yar'uwarta. Babu metronom ɗin da ya kai wannan saurin hukunci. Haka 'yan mata masu tafi da gaɗa a dandali, haka samari masu bin ganga a wurin gayya. Yaro yakan sha awon lokaci tun bai san ana kiran abin da wani suna ba.

Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin wannan ya rage wa ɗalibin yau? Injin niƙa da na sussuka sun rage wa turmi aiki. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi a shekarun nan ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, ya kuma rage taron dare. Jita kuwa baƙuwa ce, ba ta da gidan gado a wannan yanki da yaro zai je ya zauna a bayan ubangida. Ɗalibina a ɗaki yake koyo, shi da waya. Ba shi da ɗan amshi, ba shi da mai harararsa. Idan muka hana shi ma'aunin bugu da sunan kare gargajiya, ba mu mayar da shi ga gargajiyar ba, mun bar shi ne shi kaɗai da kunnen da muka riga muka ga yana ruɗin sa. Sannan a lura da cewa ko a binciken Polak, rabon cikin bugu ne yake da dogo da gajere, kuma makaɗan suna riƙe da wannan rabo daram. Mai sassautawa da gangan, kamar dattijon nan, ya san inda bugun yake kafin ya kauce masa. Ɗalibina kuwa bai san ya kauce ba sam, don haka ba a haɗa jinkirinsa da na dattijon.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi shafar malamai. Ba sai makaranta ta sayi komai ba. A samu zare mai ƙwari, da ɗan dutse ko noti na ƙarfe, da ƙusa a jikin ƙofa ko reshen bishiya. Idan tsawon zaren, daga inda aka ɗaure shi zuwa tsakiyar dutsen, ya kai kimanin santimita 99, to duk tafiya ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan daƙiƙa ɗaya ce, wato bugu 60 a minti. Idan aka rage shi zuwa santimita 56 za a samu kimanin bugu 80, a santimita 44 bugu 90, a santimita 36 bugu 100, a santimita 25 kuma bugu 120. A nan akwai abin da ya kamata malami ya tsaya a kai, ya bar ɗalibai su yi ta canki kafin ya ba su amsa. Yawancinsu za su ce idan ana son saurin ya ninka sau biyu sai a raba zaren biyu. Ba haka ba ne. Sai an mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, kamar yadda muka gani daga 99 zuwa 25. Za kuma su yi musu cewa dutse mai nauyi zai fi sauri. A bar su su canza dutsen su gani da idonsu cewa nauyi ba ya canza komai, muddin tsawon yana nan. Sharaɗi ɗaya shi ne kada a ja dutsen da nisa kafin a sake shi, domin ƙa'idar Galileo a kan ƙaramin lilo ta fi yin daidai. Don a tabbatar da awon, a ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogo a hannu. A zare mai santimita 99 ya kamata a samu kusan daƙiƙa 40. Wannan shi ne ainihin gwajin da ake yawan kawowa a jarrabawar fiziks ta aikin hannu ta WAEC da NECO, wanda ɗalibai da yawa suke haddace lissafinsa ba su taɓa riƙe zaren ba.

Lilon zare ba ya ƙara, kamar dai na Loulié. Maganin wannan shi ne ɗalibai su zama biyu, ɗaya yana kallon dutsen yana ƙwanƙwasa benci da kara duk lokacin da ya kai gefe, ɗaya yana kaɗawa, in an jima su yi musanya. Awon ba zai kai na waya daidaito ba, tunda hannun mutum ya shiga ciki, amma yana da fa'idar da waya ba ta da ita: ya samar wa mai koyo abokin bugu. Ba ya kuma buƙatar caji ko layin sadarwa, abin da mutanen Zamfara suka san darajarsa tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar.

Game da yadda za a yi atisayen, shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da nawar da za ta ba shi haushi. Ya saita bugu 60, ya riƙa sauke hannu a kan tsirkiyoyin sau ɗaya a kowane bugu, yana canza kamun yatsu bayan bugu huɗu. Nan zai gane cewa tafiya a hankali ta fi gudu wuya, domin tsakanin bugu da bugu akwai fili mai faɗi da za a iya ɓata a ciki. Alamar da zai gane ya dace ita ce ƙarar na'urar ta ɓace a cikin sautin jitarsa, kamar ta daina. Kada ya ƙara sauri sai ya kaɗa abin sau uku a jere ba tuntuɓe, in zai ƙara kuma ya ƙara kaɗan, kamar bugu huɗu. Wurin da yake yawan makara, ya ware shi shi kaɗai ya yi ta maimaitawa, maimakon ya riƙa komawa farkon waƙa yana more inda ya riga ya iya. Bayan haka ya gwada raba kowane bugu gida biyu, sannan gida uku, sannan ya riƙa sauyawa tsakaninsu, domin da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu a kan gida uku suke tafiya, kuma masu jitar Abzinawa na Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, suna yawan hawa wannan rabo.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi, ni kuwa a ganina ya fi sauran muhimmanci, wato yaye kai daga na'urar. Idan kana kaɗawa a bugu 120, mayar da ita 60 ka ci gaba da saurinka na da, ta yadda za ta riƙa tabbatar maka da bugu ɗaya cikin biyu kawai. Daga nan ka rufe sautinta na ɗan lokaci kana ci gaba, ka buɗe ka ji ko kuna tare. Minti goma ko goma sha biyar na irin wannan a kowace rana sun isa. Sauran lokacin a kashe ta, a nemi mutane. In akwai mai kalangu ko mai ganga a unguwa, a je a gaishe shi, a roƙi izinin zama kusa da shi. Shi ne zai koya maka inda ake jan bugu da inda ake sakin sa, abin da babu lambarsa a jikin akwatin Maelzel.

Na san akwai iyaye da malamai da ba sa son 'ya'yansu su kusanci kiɗa ko kaɗan, kuma ba hurumina ba ne in yi musu gardama a wannan shafi. Amma ko su zaren nan zai yi musu amfani. Mai rera rubutacciyar waƙa yana buƙatar riƙe karinta kada ya karye, 'yan fareti suna buƙatar taku ɗaya. Ma'aikatan lafiya ma, idan suna koyar da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙa'idar ita ce dannawa 100 zuwa 120 a minti, kuma akan yi amfani da ma'aunin bugu wajen horon. Wannan shi ne saurin lilon zare mai tsawon santimita 36 zuwa 25.

Shi kuwa ɗalibin nawa, mun rataya noti a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ya samu abokinsa mai ƙwanƙwasa masa benci. A makon farko sun fi ɓata lokaci wajen gardamar wane ne ya kauce a cikinsu. Kafin ƙarshen zangon karatu na sake sa shi ya naɗi kiɗansa ya bi shi da tafi, ya kuwa bi shi har ƙarshe, in ban da wuri ɗaya da ƙaramin yatsansa yake makara wajen kama tsirkiya ta biyu. Wannan karon shi ya nuna mini wurin kafin in yi magana.